Numfashin Da Ta Riƙe

A birnin Damagaram akwai wata mace mai bi wadda sana'arta suyar ƙosai ce. Tun tana budurwa take wannan sana'a, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, yara da manya Mai Ƙosai suke kiranta. Kowace asuba takan hura wuta a ƙofar gida ta ɗora kasko, 'yan lakwal da masu kabu-kabu su kewaye ta. Mijinta kafinta ne, shi ne kuwa ya ƙera yawancin bencunan majami'arsu, bai karɓi ko dala ba. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. A zumuntar mata ita ce mai ba da waƙa, gama tana da murya, tana kuma da dogon numfashi.

Ran Jumma'a, 16 ga Janairu 2015, gari ya waye da sanyi da hazo kamar kowace rana ta lokacin ɗari. A makon nan wata jarida ta ƙasar Faransa mai suna Charlie Hebdo ta buga wani zane da ya ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Bayan sallar Jumma'a aka fito zanga-zanga, zanga-zangar kuwa ta rikiɗe ta zama ɓarna. Aka sa wuta a majami'u, da cibiyar al'adun Faransa, da gidaje da shagunan Kirista. Kashegari Asabar wutar ta kama a Yamai, inda 'yan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu.

Mai Ƙosai tana gida da yara sa'ad da hayaniyar ta kusato, maigida kuwa yana wurin aiki. Sai maƙwabciyarta, wata Hajiya da katanga ɗaya ta raba gidajensu, ta leƙo ta ce, "Maza ki miƙo mini yaran nan, ke ma ki hauro." Ta shigar da su ɗakin da take ajiye hatsi, ta ja buhuna ta tare ƙofa, ta koma bakin zaure ta tsaya. Daga cikin duhun ɗakin Mai Ƙosai tana jin sawun mutane da ihunsu, tana jin Hajiya tana ce musu babu kowa a gidan sai iyalinta. Warin tayar mota da ake ƙonawa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Autanta yana goye, ya soma kuka, sai ta sauko da shi ta sa masa nono, ta rufe shi da zane. Ita kanta ta riƙe numfashinta, tana sakinsa kaɗan kaɗan don kada a ji. Haka suka zauna har bayan magariba. Da dare sojoji suka kai su bariki tare da waɗansu masu bi, a can ta iske mijinta da rai.

Bayan wuta ta mutu

Da ƙura ta lafa, ikilisiya ta koma yin sujada a ƙarƙashin rumfa, kusa da bangon da hayaƙi ya baƙanta. Shugabannin ikilisiyoyi a duk ƙasar suka yi ta kira ga masu bi kada su rama, su gafarta. Wata Lahadi Mai Ƙosai ta miƙe a gaban jama'a ta ba da shaida, ta gode wa Allah da ya tsirar da gidanta, ta ce ta yafe wa waɗanda suka yi wannan aiki. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Mutane suka ce amin, waɗansu mata har da hawaye.

Amma da ta koma bakin kasko sai ta tarar wani abu ya sāke. Ran da yara suka sa wa juji wuta a bayan layi, iska ta kawo warin roba, sai ta ji ƙirjinta ya ɗaure, zuciyarta tana bugawa kamar ana daka, hannuwanta suna rawa har matsamin ya faɗi cikin mai. Ta bar kaskon a kan wuta ta shige ɗaki. Daga ranar abin ya yi ta dawowa. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Da dare takan farka jiƙe da gumi a tsakiyar sanyi. Cikinta ya riƙa ciwo, wuyanta da kafaɗunta suka sanƙare, abinci ya daina yi mata daɗi. Yaran da dā take wasa da su, yanzu ƙaramin laifi sai tsawa. A zumunta kuma in ta ɗauki waƙa numfashinta yakan yanke a tsakiyar baiti, har ta roƙa a ba wata.

Maigida ya kai ta asibiti. Aka auna jininta, aka duba ko masassara ce, aka saurari zuciyarta, likita ya ce bai ga wata cuta ba. Wannan magana ta ƙara mata nauyi, gama ta san ba ƙarya take yi ba. 'Yan'uwa mata suka zo gaisuwa, kowa da tata shawara. Wata ta ce sammu ne. Wata ta ce iska ce ta shige ta a ɗakin hatsin nan. Wata kuwa, da kyakkyawar niyya, ta ce, "'Yar'uwa, mai bangaskiya ba ya tsoro. Ki ƙara addu'a." Sai ta ƙara addu'a, ta yi azumi na kwana uku, ta fito daga azumin da jiri da rawar jiki fiye da dā.

A ƙarshe ta yanke wa kanta hukunci. Ta ce a ranta, in da gaske ta yafe, da jikinta ya kwanta. Tun da bai kwanta ba, ashe ƙarya ta yi a gaban Allah da gaban ikilisiya. Saboda haka ran da aka yi jibin Ubangiji, da faranti ya iso gare ta, ta sunkuyar da kai ta bar shi ya wuce. Wata bakwai tana yin haka. Ta kuma bar suya gaba ɗaya. Aikin kafinta ya yi ƙasa a shekarar, don haka babbar ɗiyarsu, mai shekara 13, ta karɓi kaskon, ta riƙa makara a lakwal, daga baya ta daina zuwa.

Tsohuwar ungozoma

A ikilisiyar akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Inna. Ta yi shekaru masu yawa tana karɓar haihuwa a asibitin mishan na Galmi kafin ta huta ta dawo wurin 'ya'yanta. Ta taɓa halartar wani horo da aka yi wa ma'aikatan ikilisiya a kan warkar da raunukan zuciya, inda aka yi amfani da littafin da Harriet Hill da abokan aikinta suka fara bugawa a 2004 domin ikilisiyoyin Afirka da yaƙi ya ɗaiɗaita. Amma abin da ya fi taimakon ta shi ne idon ungozoma. Ta lura Mai Ƙosai kullum kusa da mafita take zama, kafaɗunta a ɗage har kusan kunne, numfashinta kuwa a saman ƙirji yake tsayawa.

Wata Talata da la'asar Inna ta je gidan. Bayan gaisuwa ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma ce ta ba da labarin ranar nan ba. Ta ce, "Ɗiyata, in abin ya taso, a ina kike fara jinsa?"

Mai Ƙosai ta yi shiru, gama ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Can ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Nan, Inna. Kamar an ɗaure ni da igiya."

Inna ta ce, "A ɗakin hatsin nan, yaya kika yi da numfashinki?"

Ta ce, "Na riƙe shi."

Inna ta ce, "To, har yau ba ki sake shi ba. Kanki ya san an fito daga ɗakin, zuciyarki ta yafe, amma ba wanda ya gaya wa jikinki. Ai kin san abin da Hausawa suke cewa, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wa ya taɓa ce masa mai zunubi saboda ya gudu?"

Abin da Inna ta faɗa da harshen gida, likitoci sun daɗe da saninsa. Tun 1915 wani masani a Amurka mai suna Walter Cannon ya bayyana yadda jiki yake shirin faɗa ko gudu in ya ga hatsari. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai kamar girman ƙwayar gyaɗa, ana ce da shi amigdala, aikinsa gadi ne. Da ya hangi hatsari yakan buga ƙararrawa tun tunani bai gama bincike ba. Sai waɗansu ƙananan gaɓoɓi biyu da suke bisa ƙoda su zubo da wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa, ciki ya dakatar da narkar da abinci, baki ya bushe. In kuwa ba halin faɗa, ba halin gudu, jiki yakan sanƙare ya yi tsit, kamar yadda ya faru a ɗakin hatsi. Duk wannan baiwa ce daga Mahalicci domin tsare rai.

Ga yawancin mutane, mai gadin nan yakan koma ya zauna bayan makonni ko 'yan watanni. Ga waɗansu kuwa yakan ci gaba da tsaro, duk abin da ya yi kama da ranar masifa sai ya buga ƙararrawa. Wari yakan tashe shi da sauri, domin hanyar da wari yake bi daga hanci gajera ce, tana kuwa kaiwa kusa da mazaunin mai gadin da wurin ajiyar tunawa. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa wannan ciwo cikin littafinsu na cututtuka, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. A 2014 kuma wani likita haifaffen Holan, Bessel van der Kolk, ya rubuta littafin da ya sa duniya ta ƙara mai da hankali ga yadda firgita take zama cikin jiki.

Abin da suka riƙa yi

Inna ta sa ta zauna a kan tabarma, bayanta a jingine da bango, tafin ƙafafunta a ƙasa. Ta ce, "Ki danna ƙasa da ƙafarki. Kina jin ta? Sanyi gare ta ko ɗumi?" Sa'an nan ta koya mata numfashin da ta saba koya wa mata masu naƙuda: a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ta baki a hankali ana ƙirga shida, kamar mai hura kunu mai zafi. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, har a ji na cikin yana tashi yana sauka.

Akwai dalili a cikin wannan. Mutum ba ya iya umartar zuciyarsa ta rage bugu, amma yana iya sarrafa numfashinsa. Sa'ad da ake shaƙa, bugun zuciya yakan ɗan ƙaru. Sa'ad da ake fitarwa yakan ɗan ragu, ta wurin wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya rage zuwa wajen sau 6, yana tsawaita fitarwa, jiki yakan karɓi saƙo cewa hatsari ya wuce.

Ran farko abin bai tafi daidai ba. Mai Ƙosai ta rufe ido yadda ta saba yi a addu'a, nan take duhun ɗakin hatsi ya dawo mata, ta miƙe zumbur tana haki. Inna ta kama hannunta ta ce, "Laifina ne, ban gargaɗe ki ba. Ki bar idonki a buɗe. Gaya mini abu biyar da kike gani a tsakar gidan nan." Ta soma lissafawa da rawar murya: turmi, randa, igiyar shanya, akuya, takalmin auta. Inna ta ce ta faɗi abu huɗu da take ji da kunne, da abu uku da jikinta yake taɓawa. Kafin su gama, hakin ya ragu. Inna ta ce, "Ina kike yanzu?" Ta ce, "Ina gidana." "Yau wace rana?" "Talata." Suka yi dariya su biyu, dariyar farko da aka ji daga bakinta cikin watanni.

Daga nan Inna ta riƙa zuwa kowace Talata. Wani lokaci sukan ɗauki taɓarya su yi daka tare, domin bugun turmi da motsin kafaɗa sukan saki abin da ya ɗaure. Wani lokaci sukan taka da ƙafa zuwa kasuwar Dole su dawo, Inna tana ce mata ta lura da yadda dunduniya take taɓa ƙasa. Ta hana ta azumi har sai ƙarfinta ya dawo, ta sa maigida ya ɗauke mata hidimar dare ta auta domin ta sami barci. Sai bayan makonni da yawa Mai Ƙosai da kanta ta soma ba da labarin ranar Jumma'ar nan, kaɗan kaɗan. In muryarta ta fara sarƙewa Inna takan tsai da ita, su koma ga ƙafa da numfashi, sa'an nan su ci gaba. Ran da ta kai ga wurin da ta rufe auta da zane, ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, wato ta ji tsoro kada ta kashe shi da hannunta. Ta yi kuka mai yawa, jikinta yana kaɗuwa, Inna kuwa ba ta ce mata ta yi shiru ba.

Tambayar Fasto

Labari ya kai kunnen Fasto cewa Inna tana koya wa mata wani irin numfashi. Shi mutum ne mai karatu, mai kishin garkensa, ya kuwa taɓa karantawa cewa irin waɗannan abubuwa daga addinan gabas suka fito. Ya kira ta ya ce, "Inna, ina girmama ki, amma ina tsoron kada mu shigo da baƙon abu cikin ikilisiya."

Tambayarsa tana da tushe. Hanyar tsai da hankali a kan abin da ake ciki yanzu, wadda asibitocin Turai da Amurka suke amfani da ita, wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya tsara ta a 1979 a asibitin jami'ar Masacuset, darasi na mako 8, daga tunanin mabiya Buddha kuwa ya ɗauko ta. Inna ba ta musa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Fasto, ni a ɗakin haihuwa na koyi nawa. Numfashi kuwa, wa ya hura shi a hancin Adamu? Ba na ce wa kowa ya kira wani suna in ba na Yesu ba. Amma ka buɗe mana labarin Iliya, ka ga da me Ubangiji ya fara."

Suka buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabin da ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel, da saƙon Yezebel ya iso masa sai ya gudu har Biyer-sheba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya taɓa shi, ya ba shi waina da butar ruwa. Ya sāke barci, aka sāke taɓa shi, aka sāke ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Barci da abinci da taɓawa suka riga magana.

Fasto ya yi shiru, sa'an nan shi da kansa ya tuna da wani wuri. A Yahaya 18:18, a bakin wutar gawayi ne Bitrus yake jin ɗumi daren da ya yi musun Ubangijinsa. A Yahaya 21:9 kuma, da Yesu ya tashi daga matattu ya sami almajiransa a bakin teku, wutar gawayi ce ya hura, da kifi a kai da gurasa. Ya komo da Bitrus wurin warin nan da ya san zai tuna masa da daren kunya, amma a wannan karo da safe ne, a cikin 'yan'uwa, ya kuma ciyar da shi kafin ya yi masa tambaya. Fasto ya ce, "Ki ci gaba, Inna. In kin yarda, ki koya wa matata ma. Ita ma ba ta barci tun ranar." Lahadin da ta biyo ya yi wa'azi a kan zufan Yesu a Getsamani (Luka 22:44), ya ce wa jama'a wanda ba shi da zunubi ma jikinsa ya sha azabar tsoro, saboda haka kada kowa ya ƙara ce wa ɗan'uwansa mai rawar jiki marar bangaskiya.

Komawa bakin wuta

Labarin Bitrus ya ba Inna dabara. Ta hura 'yar wutar gawayi a tsakar gida, ta zauna kusa da Mai Ƙosai, suka yi numfashi tare na 'yan mintoci, sa'an nan ta kashe wutar. Mako na gaba suka ƙara lokaci. Daga gawayi suka koma itace, daga nan aka ɗora kasko. Ba a taɓa tilasta mata ba. In ta ce ya isa, ya isa.

Wata rana Inna ta ce, "Yaushe rabonki da shiga gidan Hajiya?" Ashe tun ranar masifar ba ta ƙara taka gidan ba, sai gaisuwa ta kan katanga, abin yana kuwa damunta, gama ta san bashin rai ne a kanta. Ta soya ƙosai da hannunta, ta zuba a kwano, suka tafi tare. Da ta ga ƙofar ɗakin hatsi ƙafafunta suka yi sanyi. Ta tsaya, ta danna ƙasa, ta fitar da numfashi a hankali, ta shiga ta gai da matar gida.

Suna cikin hira sai Hajiya ta ce, "Maman yara, ni fa tun ranar nan ban ƙara samun barcin kirki ba. In na ji taron samari a layi, gwiwoyina rawa suke yi. Har rubutu na sha." Mai Ƙosai ta zuba mata ido. Ga macen da ta tsaya ita kaɗai a bakin zaure ta tare taro, ba wanda zai ce mata matsoraciya, ba kuma wata gafara da ta riƙe wa kowa, amma jikinta yana yin abin da nata yake yi. A nan ne hukuncin da ta yanke wa kanta ya warware. Ta kama hannun Hajiya ta ɗora mata a ƙirji, ta ce, "Hajiya, bari in nuna miki abin da Inna ta koya mini." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A jibin Ubangiji na gaba, da faranti ya iso, hannunta yana ɗan rawa, ta miƙa shi haka nan ta ɗauka. Da aka buɗe lakwal a watan Oktoba, ɗiyarta ta koma aji.

Ga ikilisiyoyi

Irin wannan mace tana da yawa a cikin majami'u. Tun Fabrairu 2015 da Boko Haram ta kai hari a Bosso da Diffa, dubban mutane suka bar gidajensu a gabashin Nijar. A arewacin Kamaru an buɗe sansanin Minawao a 2013 domin waɗanda suka gudo daga Najeriya, da yawa daga cikinsu kuwa masu bi ne. Akwai kuma waɗanda ba yaƙi ne ya taɓa su ba, sai hatsarin mota, ko wuyar haihuwa, ko dūkan miji. Da yawansu ba za su ce suna baƙin ciki ba; za su ce kai yana ciwo, ciki yana zafi, barci ya ƙi. Mai kiwon garke ya kamata ya ji wannan harshe.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasashen nan, amma an gwada an ga mutanen gari da aka ba ɗan horo suna iya taimako. A arewacin Uganda an yi gwaji da mata 'yan gudun hijira na Sudan ta Kudu kusan 700, aka koya wa rabinsu irin waɗannan dabaru a ƙungiya, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu fiye da ta sauran. A shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafi mai zane domin masu fama da damuwa, darasinsa na fari kuwa shi ne wanda Inna ta fara da shi: a ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, a sassauta numfashi, a lura da abin da yake kewaye.

Duk da haka akwai iyaka. A fara kai mutum asibiti, gama ciwon zuciya na gaske da hawan jini da ƙarancin jini suna iya kama da wannan. Kada a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya same shi, kada kuma a taɓa jikinsa sai da izininsa. Mace ta taimaki mace, namiji ya taimaki namiji. Abin da aka ji a ɗaki kada ya fito a wa'azi ko a roƙon addu'a na fili. In mutum yana maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko watanni sun wuce abin yana ƙaruwa, a kai shi wurin likita ba da jinkiri ba. Ga ciwon da ya yi zurfi, maganin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne zama da ƙwararren mai ba da shawara wanda zai bi da mutum ta cikin abin da ya faru daki-daki. Numfashi da natsuwa suna shirya jiki ya iya jure wannan tafiya.

Mai Ƙosai ba ta ce ta warke sarai ba. Da watan Janairu ya kewayo a 2016, barcinta ya sāke lalacewa na wajen mako biyu, ta aika aka kira Inna. Har yanzu in lokacin ɗari ya zo, yara suka sa wa juji wuta, warin roba yakan iso bakin kaskonta da asuba, ƙirjinta ya ɗaure. Masu sayen ƙosai sukan ga ta ɗan tsaya, ta gyara zaman ƙafafunta a ƙasa, ta dubi randa da bango da fuskokinsu, leɓunanta suna motsi da sunan Yesu tana fitar da numfashi a hankali. Sa'an nan ta ɗauki matsami ta juya ƙosan kafin ya ƙone, ta ce wa yaron da yake gaba, "Na nawa za a ba ka?"

An sāke gina majami'arsu, mijinta ne kuma ya ƙera sababbin bencuna. A zumuntar mata an mayar mata da waƙa. Ubangiji wanda ya ciyar da Iliya a jeji, ya kuma hura wa Bitrus wuta a bakin teku, shi ya ta'azantar da dukan waɗanda jikinsu bai huta ba tukuna. Amin.